Tsohon maigidana ya ce bai san ni ba, ga sabon aiki yana jiran shaidarsa

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali?

Shekara huɗu na yi ina riƙe da sito da lissafin kaya a wani kamfanin sayar da kayan gini mai ofis a Jabi da rumbun ajiya a wajen Dei-Dei. Kawuna ne ya kai ni, domin mai kamfanin abokinsa ne tun na ƙuruciya. A shekarar ƙarshe albashi ya fara tsalle, har na wata uku ya taru ba a biya ni ba. Ga kuɗin haya a Kubwa, ga mata da yara biyu. Na rubuta takardar ajiye aiki, na ba da notis na wata guda, na miƙa kaya da makullai, na tafi. Alhaji, mai kamfanin, ya ɗauki abin da zafi, ya ce na yi masa butulci, na kunyata kawuna.

Wata bakwai ke nan. Yanzu Allah Ya sa na ci intabiyu a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Maitama, aikin kula da sito da sayen kaya. Sun ce in kawo sunayen mutum uku da za su ba da shaida a kaina cikin mako biyu, kuma dole ɗaya ya fito daga wurin aikina na ƙarshe. Na kira Alhaji bai ɗauka ba. Na je ofis aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa a waje. Daga baya ya aiko a gaya mini duk wanda ya kira shi a kaina zai ce bai san ni ba.

Wani abokina ya ce in je shagon buga takardu a haɗa mini wasiƙa mai tambarin kamfanin, in sa lambarsa a matsayin manaja, in an kira ya amsa. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron aikin nan ya kuɓuce mini. Matata kuma ta ce in je in durƙusa wa Alhaji in ce na yafe kuɗin. Me zan yi?

Ƙaninka, daga Kubwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Barka da cin intabiyu, Allah Ya tabbatar da alheri. Duk wanda ya san yadda takardun masu nema ke taruwa a kan gurbi ɗaya a garin nan ya san ba ƙaramin abu ka tsallake ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin a kansa duk maganata za ta hau: mutanen nan sun riga sun ga kai suke so. Babu mai sha'awar sake tallata gurbi, ya sake tace takardu, ya sake tara manya su zauna intabiyu. Abin da suke buƙata shi ne abin da za su sa a fayil hankalinsu ya kwanta da zaɓin da suka yi.

Shawarar abokinka zan fara kawarwa, don ita kaɗai ce a cikin wasiƙarka za ta iya rusa ka da gaske. Kada ka yi. Masu ɗaukar aiki a irin waɗannan ƙungiyoyi ba lallai su kira lambar da ka ba su kaɗai ba. Sukan nemo lambar kamfanin da kansu, wasu ma kamfanin bincike suke biya ya tura mutum har ofis. Wayar da za su kira abokinka da ita tana iya nuna musu sunansa na gaskiya ta manhajar Truecaller tun kafin ya ɗauka. In ma ya ɗauka, tambaya biyu ta ishe shi: mutum nawa ne a sashen, yaushe kuke ƙirga kaya? Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ce ma kun tsallake, yawancin takardun ɗaukar aiki suna ɗauke da sharaɗin cewa duk ranar da aka gano bayanin ƙarya za a sallami mutum, ko bayan shekara nawa ne. Kai kuma aikin da kake nema na sito ne da sayen kaya, aikin da jarinsa amana. Ƙirƙirar takarda da sunan wani laifi ne a dokar manyan laifuffuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Abuja, ga shaidar zur da za ka ɗora wa abokinka. Sannan ka duba inda abin zai juya. Yau Alhaji ne mai riƙe da haƙƙinka, kai ne mai gaskiya. Ranar da ka buga tambarin kamfaninsa ba da izninsa ba, ka miƙa masa abin da zai kai ka wurin 'yan sanda da shi, kuma daga nan ba wanda zai ƙara sauraron maganar albashinka.

To, me suke son ji daga bakin Alhaji? Abu biyu ne. Su tabbatar ka yi aiki a wurin, daga yaushe zuwa yaushe, a wane matsayi. Su kuma ji daga wanda ya ga aikinka cewa hannunka ba ya ɗauka kuma ka iya abin da ka ce ka iya. Na farko takardu ne ke tabbatar da shi, na biyu mutane. Ko ɗaya daga ciki ba a aljihun Alhaji kaɗai yake ba. Shekara huɗu ta bar sawu a wurare da yawa da hannunsa ba ya kaiwa.

Yau da dare ka zazzage jakar takardunka. Takardar ɗaukar aiki, in an ba ka. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, amma na san wanda kawunsa ya kai aiki sau da yawa da baki ake gamawa, don haka in babu kada ka damu. Katin shaidar aiki, takardar ƙarin albashi, duk wani imel ko saƙon WhatsApp da aka ba ka umarnin aiki a ciki. Gobe da safe ka je bankinka ka nemi bayanin asusunka na shekarun nan huɗu, a buga maka, a sa hatimi. Idan daga asusun kamfani ake turo albashi, sunan kamfanin zai fito wata bayan wata, kuma wannan shaida ce da ba ta buƙatar sa hannun kowa. In ma daga asusun Alhaji na kansa yake shigowa, kuɗi iri ɗaya a ƙarshen kowane wata daga mutumin da aka san shi ne mai kamfanin magana ce mai nauyi. Takardar bankin nan za ta yi maka wani aikin kuma: za ta nuna watanni ukun da ba abin da ya shigo, ta faɗi dalilin tafiyarka ba tare da ka ce uffan a kan kowa ba.

In kamfanin yana zuba maka fansho, ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshon da kake ciki. A dokar fansho ta 2014, mai kamfani yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ana cire 8 daga albashin ma'aikaci, kuma bayanin yana nuna daga inda kuɗin suka fito da watannin da aka zuba. Haka haraji: in ana cire maka ana kai wa hukumar tara haraji ta Babban Birnin Tarayya, suna da bayaninka, kana iya neman takardar shaidar biyan haraji.

Akwai takarda ɗaya da na fi damuwa da ita fiye da duk waɗannan. Ka ce ka miƙa kaya da makullai. A rubuce ka miƙa? Wa ya karɓa, ya sa hannu? Mai riƙe da sito da ya bar aiki cikin saɓani, abin da aka fi saurin jifansa da shi shi ne kaya sun yi ƙafa. Idan kana da kwafin takardar miƙa kaya da sa hannun wanda ya karɓa, ka adana ta kamar takardar gida. Idan babu, ka nemi wanda ya karɓa daga hannunka, ko saƙo ne ya rubuto maka cewa an ƙirga kaya a rana kaza an same su cif. Notis ɗinka kuma ya wadatar. Ga wanda ya yi shekara biyu bai kai biyar ba, mako biyu Dokar Ƙwadago ta ambata, sai dai in yarjejeniyarku ta ce fiye da haka. Kai wata guda ka bayar. Amma kada zumuɗin kafa hujja ya sa ka kwashi takardun cinikin kamfani masu farashi da sunayen kwastomomi ka kai wa sabon wuri. Wanda zai ɗauke ka aikin sito, in ya ga haka, tunanin da zai yi shi ne gobe nasa za ka fitar.

Sai mutane. Ka koma ka karanta saƙon da suka aiko maka da kyau. Sun ce daga wurin aikinka na ƙarshe, ko sun ce mai kamfanin? Galibi abin da ake nufi shi ne wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma a kamfani mai ofis a Jabi da rumbu a Dei-Dei, da wuya a ce Alhaji ne ke duba littafinka kullum. Wa kake kai wa rahoton kaya a ƙarshen wata? Wa ke sa hannu in za ka tafi hutu? Manaja ne ko akanta? Wannan mutumin ya fi Alhaji sanin aikinka. Kuma wurin da albashi ke tsallen wata uku, ina kyautata zaton ba kai kaɗai ka tafi ba. Idan manajan da ka yi aiki da shi ya bar kamfanin, shi ne na ɗaya a jerinka. Ba ya tsoron kowa, kuma in yana aiki a wani wuri yanzu, yana da imel na ofis, wanda masu ɗaukar aiki suka fi yarda da shi a kan na Gmail ko Yahoo.

Idan yana nan har yanzu, ka tausaya masa. Abincinsa a hannun Alhaji yake. Kada ka same shi a ofis, ka neme shi a gida ko bayan sallar Juma'a, ka gaya masa abin da kake so a fili: ya yi magana da sunan kansa, a matsayin wanda ya sa ido a kan aikinka, ba da sunan kamfani ba. In ya ce ba zai iya ba, ka gode masa ka tafi, kada ka riƙe shi a zuci.

Daga nan ka leƙa wajen kamfanin. Oditan da ke zuwa ƙirgar kaya a ƙarshen shekara ya ga littattafanka da idon mai neman kuskure, in ya ce suna daidai maganarsa tana da daraja. Injiniya ko ɗan kwangilar da ya yi shekaru yana karɓar siminti da rodi daga hannunka ya san ko kayansa na cika, ya san ko ka taɓa neman na goro kafin ka saki mota. Dilan da ke kawo muku kaya ya san ko ka taɓa ce masa ya ƙara farashi a rasit ku raba. Ga aikin sayen kaya, shaidar irin waɗannan mutane tana amsa ainihin tambayar da ke cikin zuciyar mai ɗaukarka. Ka tuna wadda ta ba da shaida a kan Annabi Musa, alaihis salam, a aya ta 26 ta Suratul Ƙasasi, ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki domin mai ƙarfi ne amintacce. Ba ta taɓa biyansa lada ba. Aikinsa da halinsa ta gani da idonta a wurin shayar da dabbobi.

Na uku zai iya zama shugabanka a inda ka yi hidimar ƙasa, ko malamin da ya duba aikinka na kammala karatu, matuƙar zai tuna ka. Kawunka ba ya ciki, ba a karɓar shaidar dangi. Liman da mai unguwa shaidar hali suke bayarwa, tana da wurinta, amma ba ita aka tambaye ka ba. Ka kuma guji wata cuta da ke damunmu a Abuja, ta sa sunan babban mutum don sunan ya cika ido. Darakta ko ɗan majalisar da ka taɓa gaisarwa sau ɗaya a ɗaurin aure, in an kira shi ya ce "wane ne kuma haka?", ya yi maka ɓarnar da ta fi ta Alhaji. Inda ake duba girman kujera shi ne wajen garanto, mai tsaya maka ya ɗauki nauyin asara in ta faru, kuma mai yiwuwa su nemi wannan daga baya tunda aikin kaya ne. Mai ba da shaida kuwa sanin aikinka ake nema a wurinsa.

Akwai wani wuri da mu Hausawa muke yawan faɗuwa, bari in ɗan tsaya a kansa. Za ka ce wa mutum "ranka ya daɗe, in sa sunanka?", kunya ta sa ya ce "ba komai, sa mana", ku rabu a haka. Bayan kwana goma baƙuwar lamba ta kira shi yana cikin cunkoson hanyar Kubwa, ko dai ya ƙi ɗauka, ko ya ɗauka ya ce "ai yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci, ba ya wasa da salla". Duk gaskiya ne, amma ba gurbin da za a rubuta su a fom ɗin da ke gaban mai kiran. Tambayoyinsa su ne: yaushe ya fara, yaushe ya bari, me yake yi, an taɓa tuhumarsa, in ka sami dama za ka sake aiki da shi? Don haka tambayar da za ka yi wa kowanne ita ce ko zai iya faɗin alheri a kan aikinka da zuciya ɗaya. In ka ga yana jan ƙafa, ka nemi wani. Wanda ya amsa, ka tura masa CV ɗinka da tallar aikin da watannin da ka fara ka gama, don kada bakinku ya saɓa. Ka tuna masa abu ɗaya ko biyu da kuka yi tare, kamar ƙirgar da kuka gano giɓi kuka toshe, ko ranar da ka mayar da kayan da ba su kai inganci ba. Ka gaya masa sunan ƙungiyar, ka roƙe shi ya riƙa ɗaukar baƙuwar lamba a makon nan, ya riƙa duba imel har da akwatin da saƙonni ke ɓacewa a ciki, domin sau da yawa fom ake turowa mai wa'adi. Mutane sun rasa aiki ba don an faɗi sharri a kansu ba, sai don fom ya kwana mako biyu ba a buɗe shi ba.

Da zarar ka haɗa waɗannan, ka riga Alhaji isa wurinsu. Kada ka bari su ji labarin daga bakinsa ko daga shirunsa. Ka rubuta wa jami'in da ke kula da ɗaukar ma'aikata imel gajere. Da Turanci za ka rubuta, amma ma'anar kada ta wuce haka: "Na bar kamfanin a watan kaza bayan jinkirin albashi na wata uku. Na ba da notis na wata guda, na miƙa kaya. Mai kamfanin bai ji daɗin tafiyata ba, ya kuma sanar da ni ba zai ba da shaida ba. Ga sunan wanda na yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, ga takardun da ke tabbatar da lokacin aikina. Ga kuma adireshi da lambar kamfanin idan kuna son tuntuɓarsu. In ƙa'idarku ta tanadi wata hanya a irin wannan hali, a shirye nake in bi." Iyakarta ke nan. Ban da maganar kawu, ban da butulci, ban da kiran kowa azzalumi. Yadda ka yi maganar tsohon wurinka, haka za su ɗauka za ka yi tasu wata rana. Kuma ka lura na ce ka ba su lambar kamfanin. Mai ɓoye lamba shi ake zargi. In sun kira, Alhaji ya ce bai san ka ba, ga takardar banki ta shekara huɗu a kan teburinsu, su da kansu za su gane inda matsalar take. Duk wanda ya daɗe yana ɗaukar ma'aikata a Abuja ya san kamfanonin da ba sa biyan albashi ba baƙon abu ba ne.

Wataƙila su ce ƙa'ida ce, dole sai an ji daga kamfanin. Ka tambaye su dalili cikin ladabi. Tun 2019 da yawa daga manyan ƙungiyoyin agaji na duniya suka shiga wani tsari na tambayar tsofaffin wuraren aikin mutum ko an taɓa samunsa da laifin cin zarafi ta fuskar lalata, saboda haka tana yiwuwa wannan ne ya sa suka dage. Ka ce za ka iya kawo takardar rantsuwa daga Babbar Kotun Abuja cewa ba a taɓa tuhumarka ba, da takardar shaidar hali ta 'yan sanda, kuma ka yarda a tsawaita maka lokacin gwaji. Su za su zaɓi abin da ya dace da tsarinsu, amma wanda ya zo da mafita a hannu ya sauƙaƙa wa mai son taimakonsa.

Maganar uwargida kuwa, rabinta daidai ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma Alhaji sa'an kawunka ne, zuwa gaishe shi ba ya rage ka da komai. Yadda na fahimci fushinsa, bai ɗauki kansa wanda ya ɗauke ka aiki ba, uban gida ya ɗauki kansa. Tafiyarka ta nuna wa abokinsa na ƙuruciya cewa ya kasa biyan albashi, kuma wannan kunyar ce ya juya ta koma fushi a kanka. Irin wannan ba a ofis ake gyara shi ba. Ka fara zuwa wurin kawu, ka zayyana masa komai, har da wa'adin mako biyun. Shi ya san lokacin da ake samun Alhaji da yadda ake shigar masa. In ya ce ku je tare, ka je, ka ba da haƙuri a kan ɓacin ran da tafiyarka ta jawo. Haƙuri a kan ɓacin rai na ce, kada ka amsa laifin da ba ka yi ba, kada kuma ka rubuta komai mai kama da haka. Abin da za ku roƙa ƙarami ne: takarda mai layi uku a kan tambarin kamfani, cewa wane ya yi aiki a nan daga wata kaza zuwa wata kaza a matsayin mai kula da sito. Ka tafi da ita a tsare, ko akanta ne ya sa hannu da izninsa ta wadatar. Kada ka nemi Alhaji ya yabe ka, kada kuma ka sa shi cikin mutum ukun nan ko da ya sauko. Wanda aka lallaɓa ya yarda yana iya cewa a waya "to, ya dai yi aiki a nan", ya yi shiru, kuma mai sauraro yana jin irin wannan shirun. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sau ɗaya za ka yi wannan tafiya. Kwanakinka sha huɗu ne, kada ka ƙarar da su a bakin ƙofar ofis a Jabi. A rana guda kuma ka kai wa kamfanin wasiƙa ta neman takardar shaidar aiki, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, in sun ƙi ka aika ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit. Ko ba su amsa ba, kwafin nan zai nuna wa sabon wurin cewa ka bi hanya.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne yafe kuɗin. Albashin wata uku guminka ne, abincin 'ya'yanka ne. In wata rana ka ga dama ka yafe don Allah, kana cikin wadata ba wanda ya matsa maka, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma ka sayi takardar layi uku da shi alhali gaskiya ce kawai za a rubuta a ciki, ban ga dalili ba, kuma ba ka da tabbacin bayan ka yafe za a ba ka. In an miƙo maka wata takarda a ce sa hannu ba ka bin kamfani komai, kada ka sa. Haka kuma a waɗannan makonni biyu kada ka tayar da maganar bashin, kada ka yi barazanar kai ƙara a kan fansho ko haraji. Ka raba maganganun biyu, kowace da lokacinta.

Ta fuskar doka ba a hannu wofi kake ba. Dokar Ƙwadago ba ta fito fili ta tilasta wa mai kamfani rubuta wasiƙar shaida ba, amma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki, ta taɓa yanke hukunci a ƙarar wani tsohon ma'aikacin banki cewa haƙƙi ne a kan wanda ya ɗauki mutum aiki ya ba da shaidar aikinsa, kuma shaidar ta kasance gaskiya da adalci. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta ba ka ikon neman kwafin bayananka da kamfani ke riƙe da su. Shari'a ba za ta ƙare cikin mako biyu ba, don haka ba ita za ta ceci wannan gurbin ba. Amfanin sanin haka shi ne idan Alhaji ya wuce shiru ya shiga ƙaga maka laifi, ka nemi lauya, wasiƙarsa ɗaya takan sa mutum ya auna bakinsa.

Bayan ka kama aiki, in sha Allahu, sai ka waiwayi kuɗinka. Ka fara da wasiƙa mai nuna watannin da adadin. In ba a amsa ba, akwai ofishin ƙwadago na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ke Maitama, wadda ke sauraron ƙorafi a kan kamfanoni masu rajista ba tare da an biya ko kwabo ba. Ka kula da lokaci a nan, domin dokarta ta sa wa'adin wata goma sha biyu daga faruwar abin, kai kuma bakwai sun riga sun wuce tun tafiyarka, balle albashin farko da aka riƙe. Kotun Ma'aikata tana Garki, kuma tana da sashen sulhu da ake iya tura magana a sasanta ba tare da doguwar shari'a ba. Kafin kowace takarda ta isa hannun Alhaji, ka je da ƙafarka ka sanar da kawu abin da za ka yi da ranar da za ka yi shi, ka ba shi dama ya gwada karɓo maka kuɗin ta hanyarsu ta manya tukuna.